Turken Gonar Baba Yakubu

Ku da aka ɗauka aiki bana, ina lura da ku. Mutum ya zauna ƙarƙashin fanka ya latsa waya, taswirar ƙasar Kontagora ta fito masa launi-launi, nan ruwa ya kwanta, can ƙasa ta jiƙe, sai ya miƙe ƙafa ya ce ai aikin nan ba shi da wuya, tauraron ɗan'adam ne ke yin komai. Kwanan baya na ji ɗayanku yana tambayar wai don me har yanzu ake tura mutane daji da gwangwanaye. Ban tanka masa ba, don na san halina, in na amsa a tsaye ba za ta yi masa daɗi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, wanda ya ga dama ya karanta.

Aikin farko da aka ba ni, a farkon shekarun tamanin, shi ne karanta geji a ƙarƙashin wata gada a hanyar Rijau. Geji wani dogon allo ne mai zane da lambobi, an kafa shi cikin rafi, ruwa yana hawa yana sauka a jikinsa. Da safe ka je ka ga inda ruwa ya tsaya ka rubuta, da yamma ka koma. Na ce a raina wannan ai ko ɗan firamare ya iya. Maigidana a aikin, Malam Haruna, ɗan cikin garin Kontagora ne, gidansu gidan malamai, shi kaɗai ne ya bi aikin ruwa. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. In ka kawo masa abin da ka karanta, ba takardar yake fara dubawa ba, ƙafar wandonka yake kallo. In ya gan ta a bushe a tsakiyar marka, ya san daga kan gada ka leƙo, sai ya ce ka koma. Daga sama ido yana ƙara wa ruwa tsawo ko ya rage masa. Dole ka sauka, ka cire ciyawa da ƙiraren da suka maƙale, ka durƙusa har idonka ya yi daidai da fuskar ruwan, ka jira ya lafa. Sau da yawa na koma hanyar Rijau a kan keke ina gunaguni. Yanzu in na tuna shi addu'a nake yi masa.

A wata gonar gero bayan gari ya fara koya mini ɗibar ƙasa. Kayan aikin ba su da yawa: wani guntun bututun ƙarfe mai kaifin baki, guduma, wuƙa, salatif, da ƙananan gwangwanaye masu murfi. Za ka share ganye da tarkace, ka buga bututun cikin ƙasa, ka tono shi a hankali, ka aske bakinsa da wuƙa, ka juye a gwangwani, ka rufe ka naɗe da salatif nan take. Ba a barin gwangwani a rana, ba a jira a gama gaisawa da mai gona kafin a rufe. In ka dawo ofis ka ɗora shi a sikeli, sannan ka buɗe ka sa a tandar lantarki ya yini ya kwana, ka sake ɗora shi. Nauyin da ya tafi, shi ne ruwan da ke cikin ƙasar. In aka ɗauke wuta tanda ta huce, sai a tada janareta, in babu mai kuma ka zauna kana kallon gwangwanayenka kamar mai jinya.

Na tambayi Malam Haruna amfanin wannan wahala. Ya ce ƙasa ciki gare ta. In da sauran wuri, duk ruwan da aka yi za ta shanye, rafi ya tashi kaɗan ya sauka. In kuwa ta ƙoshi, ko ɗigo ba za ta ƙara karɓa ba, ruwan da ya sauko kai tsaye zai bi gangare ya faɗa rafi. Geji yana gaya maka ambaliya ta zo. Gwangwani shi ke gaya maka tana iya zuwa.

Bayan an shiga shekarun casa'in aka turo mana Malama Rifkatu, 'yar wajen Dukku, wadda ta yi karatun wannan fanni a waje. Ita ce ta fara kawo hoton rada na tauraron ɗan'adam ofishinmu. Da ta shimfiɗa shi a tebur, ni ban ga komai ba sai ɗige-ɗige baƙi da fari, kamar an zubar da gero a tabarma. Na ce mata talabijin ɗin gidanmu ma haka take yi in eriya ta karkace. Ta yi dariya, ta zaunar da mu ta yi bayani. Wannan tauraron ba hoto yake ɗauka irin na mai kyamara ba. Wasu igiyoyi yake harbowa da ido ba ya gani, dangin waɗanda rediyo ke kamawa amma gajeru, su ratsa hadari su bugi ƙasa, ya saurari abin da ya dawo masa. Ruwan da ya kwanta sumul ba ya mayar da komai, sai ya fito baƙi ƙirin. Busasshiyar ƙasa tana mayar da kaɗan. Jiƙaƙƙiya tana mayar da mai yawa, sai ta fito da haske. Ga mutanen da hadari ke rufe wa sama duk damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ta faɗa mana aibinsa tun ranar. Haske a hoton ba lallai danshi ba ne. Sabuwar huɗa tana haske, ganye mai kauri yana haske, tudu mai fuskantar tauraron ma haka. Kuma ba ya ratsa ƙasa da nisa, abin da yake ji bai wuce tsawon yatsa ba. Saboda haka dole wani ya tsaya a ƙasa daidai lokacin da yake wucewa, ya ɗebi ƙasar ya auna, a san wane haske ne na ruwa, wanne ne na wani abu. Wannan wanin shi ne ni da ire-irena.

Ranar wucewar tauraro ba ranar wasa ba ce. Kusan sau ɗaya yake bi ta kanmu a wata, da hantsi, kuma ba ya jiran wanda tayarsa ta yi faci. Mu kaɗan ne, babur ɗaya ne mai lafiya, hanyoyin damina kuwa kun san su, ko da yake yanzu an yi muku kwalta har kun manta. Don haka a kowane kwari gona ɗaya tak muke iya samu. Mukan zaɓi wadda ta yi kama da na maƙwabtanta a ƙasa da shuka da gangare, mu roƙi mai ita, mu kafa turken ƙarfe mai jan fenti a tsakiya. Abu biyu muke gaya wa mai gona: kada ya taɓa turken, kada ya yi wa wurin ban ruwa. Abin da ƙasar gindin turken ta faɗa, shi muke ɗauka a matsayin maganar kwarin gaba ɗaya.

Shekarar farko, a wajen Beri, hoto ya fito fari tas a kan wani kwari. Murnar sabon abu ta ɗebe mu, muka aika wa mutanen wurin su kwashe hatsinsu su hau tudu. Suka buɗe rumbuna cikin yayyafi, suka yi ta jigila. Ambaliya ba ta zo ba. Ashe huɗa suka gama yi gab da wucewar tauraron, ita ce ta haska. Dawar da suka kwasa ta sha danshi, wata ta yi fumfuna. Na daɗe ban iya ratsa kasuwar Beri ba tare da wani ya tambaye ni yaushe tauraro ya ce za a yi tashin ƙiyama ba. Daga nan Malam Haruna ya kafa doka, Malama Rifkatu ta yarda da ita: in hoto da gwangwani suka saɓa, gwangwani za a bi, domin shi ne ya taɓa ƙasar da hannu. Doka ce mai kyau, ta cece mu daga kunya sau da yawa.

Akwai wata tunga a ƙasan Salka, ta Kambari, a bakin wani rafi da yaro ke tsallakewa da rani. Gidajensu suna ɗan sama, amma rumbunan suna jere a bayan gida, ɓangaren rafin, inda iska ke kaɗawa. Turkenmu na wannan kwarin yana gonar wani dattijo, Baba Yakubu, a gefen gangare, sama da gari kaɗan. Dogon mutum ne marar yawan magana, Hausarsa ta kasuwa ce, gajera, ba kwana-kwana. Ban taɓa zuwa ban tarar da shi a bakin gona yana jirana ba, da ƙwaryar kunu an rufe da faifai. Ya san ba na gaisuwa sai na rufe gwangwani, sai ya tsaya nesa shiru har in gama, sannan mu gaisa gaisuwa mai tsawo. Mutanen tungar suna ce wa gonarsa gonar tauraro, ni kuma suna ce mini Malamin Ƙasa. Yana jin daɗin sunan da aka sa wa gonar, ko bai faɗa ba ana gani.

A shekarar da nake so ku ji labarinta, ruwa ya sauka da wuri kuma bai yi fashi ba. Da marka ta kankama, duk inda ka taka sai ƙasa ta yi maka tsaki. Na je tungar ranar wucewar tauraro, na ɗebi ƙasa a gindin turke yadda na saba, ta shiga bututu lafiya, danshinta madaidaici. Da na fito sai na tarar da magidanta a gindin ɗorawa suna jirana, da mai unguwarsu. Tambayarsu ɗaya ce: su kwashe hatsin rumbu su kai tudu, ko su bari?

Ku da ke sayen shinkafa a leda ba za ku gane nauyin wannan tambaya ba. Abin da ke cikin rumbunan nan shi ne abincinsu har sabuwar dawa ta nuna, a ciki kuma irin baɗi yake. Kwashe shi a cikin marka yana nufin a ɗaga jinka ana ruwa, a bi santsi da dammuna a ka, a jibge su a inda babu rumbu. Ga kuma abin da ba a faɗa: magidanci ba ya son maƙwabci ya ga cikin rumbunsa, mai yawa yana tsoron ido, mai kaɗan yana jin kunya. Ba abu ne da za su yi don wani ya ga hadari ya tsorata ba. Sun kuma ji abin da ya sami mutanen Beri. Na ce su dakata in auna, hoto kuma ya iso.

A lokacin hoto ba ya zuwa a waya. Sai an sauke shi a wata ƙasa, a turo babban ofis, a buga a takarda, sannan direba ya kawo mana. Da ya iso, Malama Rifkatu ta kira mu. Kwarin ƙasan Salka ya fito da haske tun daga kansa har bakin rafi, hasken da ba mu taɓa gani a wurin ba. Gwangwanayena kuwa sun ce ƙasa tana da sauran wuri. Ta tambaye ni ko na makara, na ce ban makara ba. Ta tambaya ko murfi ya buɗe a hanya, na nuna mata salatif. Na ce ta duba gonar Baba Yakubu a hoton mu ga abin da ta nuna, ta ce gona ɗaya ƙarama ba ta karantuwa a cikin ɗige-ɗigen nan, sai fili mai faɗi. Malam Haruna ya ce dawa ta yi ganye sosai bana, wataƙila ita ce ke haska. Hankalinta bai kwanta ba, ta ce in koma in sake ɗiba.

Na koma, na bi hanyar da na saba ta ƙasan gona, na shiga cikin dawa da ta fi ni tsawo, na ɗiba a gindin turke da kewayensa. Na dawo na auna. Bai canza ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Dokarmu ce, ba ni da hujjar karya ta. Amma wallahi hoton nan ba ya yi mini kama da ganye."

Aka ba ni saƙo na kai. Na tsaya gindin ɗorawar nan na gaya musu ƙasa ba ta ƙoshi ba, ko an yi ruwa mai yawa za ta sha, su bar hatsinsu inda yake. Na ga kafaɗu sun sauka. Mai unguwa ya yi godiya. Baba Yakubu yana gefe yana murmushi, don gonarsa ce ta kawo labari mai daɗi.

A ƙarshen markar aka yi wani ruwa wanda ya wuni ya kwana ya sake wuni. A gejin gadar Salka ruwa ya hau da saurin da mai karanta shi ya ce bai taɓa gani ba, kafin azahar ya shanye allon. Ni sai da hanya ta buɗe na samu isa, na bar babur a Salka na ƙarasa a ƙafa. Tun ban ga gari ba na ji wari, irin tsamin dawar da aka jiƙa don tsiro. Ba a rasa rai ba, Allah ya kiyaye, gidaje ma yawanci sun tsaya. Amma rumbu na laka ne. Ruwa ya ci gindinsu, suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, jinkunan suna zaune a kan taɓo kamar huluna. Mata suna tona laka da hannu suna tara abin da suka samu a kan zana, dawar ta kumbura, wata har ta fara tsiro. Ba wanda ya zage ni. Na fi son a ce sun zage ni. Wata tsohuwa ma ta yi mini sannu da zuwa, ta ce hanya ba daɗi.

Gonakin gangaren ba su nutse ba, amma ruwa ya kwanta a cikinsu har dawa ta yi rawaya ta kife. Gona ɗaya ce tsaye koriya shar a tsakiyarsu, ta Baba Yakubu. Hanyar ƙasa da na saba bi ta zaizaye, sai dattijon ya ce mu zagaya ta sama. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba, don ban taɓa bi ta wurin ba. An haƙa magudana mai zurfi, ta kai gwiwa, ta bi duk kan gonar ta sama, ta gangara ta gefe ta faɗa wani kwazazzabo. An yi aikin da kyau, an jera duwatsu a inda ruwa ke juyawa. Duk ruwan da ke gangarowa daga tudu, nan yake bi ya wuce, bai taɓa gonar ba.

Na tambaye shi yaushe aka yi wannan. Ya ce da rani, gayya ya kira, duk garin suka fito, aka yi tuwo aka yi kiɗa. Na ce don me.

Ya ce, "Bara ka faɗi a gonata, Malam. Taɓo ya ja ka, kayanka suka watse, rigarka ta ɓaci. Mutane sun gani. Baƙo ya zo aikin gwamnati ya faɗi a gonata. Na ce ba za a sake ba."

Ni har na manta da faɗuwar. Santsi ne ya kwashe ni, na tashi na kakkaɓe, na tsince gwangwanayena, muka yi dariya. Shi ashe bai yi dariya ba har cikinsa. Na ce me ya hana a gaya mini. Ya dube ni da mamaki, ya ce in ka share wa baƙo ɗaki ai ba ka zuwa ka ce masa ka share. Garin nan kaf sun san da magudanar, da hannunsu suka haƙa, suna zaune a gindin ɗorawa suna tambayata labarin ƙasa, ba wanda ya ga alaƙar wannan da wancan. Mu kuma da muka san alaƙar, turke da ban ruwa kawai muka hana. Bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa mutum zai kashe rani guda yana gyara gona don kada takalmin wani ya ɓaci.

Ya lura da fuskata, ya tambaya ko akwai matsala. Na yi tunanin in yi shiru, amma aikin nan ba ya tafiya da shiru. Na zaunar da shi a bakin magudanar na yi masa bayani dalla-dalla, cewa gonarsa muke tambaya a madadin kowa, kuma tun da aka janye mata ruwa ta daina faɗin halin da saura ke ciki. Na ce tauraron ya faɗi gaskiya, mu ne muka ƙi ji. Na gaya masa laifin ba nasa ba ne, namu ne da ba mu zagaya ba. Ya saurara har na gama. Ya juya ya kalli inda rumbunan suke a da, ya daɗe, sannan ya ce, "To gonata ce ta ce su bari." Tausayinsa ya kama ni fiye da na waɗanda ke tonon laka.

A ofis ba wanda ya ce wa wani ai na faɗa. Malama Rifkatu ta saurara, ta ɗauko taswira ta fara lissafin yadda za a ƙara turaku a kowane kwari ko da babur bai ƙaru ba. Malam Haruna ya sauya dokarsa da bakinsa. Daga ranar, kafin ka buga bututu sai ka zagaye gonar da ƙafa ta kowace kusurwa, ka kuma shiga ta maƙwabci ka taka ka ji. In hoto da gwangwani suka saɓa, ba a bin ko ɗaya, sai a koma a nemi dalili. Wannan zagayen da kuke ƙorafi a kansa, wai ɓata lokaci ne, daga nan ya samo asali.

Shekarar ta yi wa tungar tsanani. An kawo taimako, amma bai kai ko'ina ba. Samari suka bazu neman aikin ƙarfi a Kontagora, na riƙa haɗuwa da wasu a tasha suna dako, mu gaisa kowa ya kau da kai. Wasu gidaje suka tashi gaba ɗaya suka koma wajen dangi. Da kaka ta yi, dawar Baba Yakubu ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Mai unguwa ya gaya mini bai kai ko dami ɗaya gidansa ba sai da ya bi gida-gida ya ajiye wa kowa irin shuka, kuma ya daina zama gindin ɗorawa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya faɗa masa baƙar magana. Shi ne ya janye jikinsa.

Da damina ta zagayo aka yanke shawarar a cire turken daga gonarsa a mayar gonar maƙwabcinsa, wani magidanci mai suna Audu. Ni aka tura. Na bi ta sama, bisa sabuwar doka, sai na tarar babu magudana. An cike ta tun daga kai har kwazazzabo, an daddanne, duwatsun an kwashe an tara a gefe. Audu ya ce Baba Yakubu shi kaɗai ya yi, da fartanya da kwando, rani guda, 'ya'yansa ma ya hana su taya shi. Gonar da ta fi ta kowa kyau bara, yanzu ruwa ya kwanta a tsakanin kunyoyinta kamar ta kowa.

Baba Yakubu yana tsaye a inda ya saba tsayawa, ya rame. Ya ce, "Shiga ka auna, Malam. Yanzu ba ta fi ta kowa ba."

Na fi kowa sanin cewa ƙasar da aka tona aka mayar ba ta koma yadda take sai bayan shekaru, ruwa zai riƙa bin tsohon ramin ta ƙarƙashi ko ba a gani. Ba a ba ni ikon barin turken ba, kuma ko an ba ni ba zan bari ba, don akwai sababbin rumbuna da aka gina, da mutanen da za su sake tambayata. Na gaya masa haka, ina kallon ƙasa. Na ce aikin da ya yi ba ƙarami ba ne, amma ba za mu iya dogara da gonar ba tukuna.

Bai yi gardama ba. Ya tuɓe takalmansa ya shiga taɓon, ya kama turken ya girgiza shi har ya saki, ya saɓa shi a kafaɗa. Muka bi shi a baya ni da Audu har tsakiyar ɗaya gonar. Ya tambaye ni ina ne daidai, na nuna masa. Ya karɓi gudumata ya kafa shi da kansa, ya gwada da hannu ya ji ya zauna. Sannan ya juya wajen Audu ya yi masa magana da Hausa, ba da Kambarci ba, don ni ma in ji.

"Kada ka gyara masa komai. Ko kunu ka ba shi, a bakin gona. In ya faɗi, ka bar shi ya tashi da kansa."

Ya miƙo mini gudumar, ya koma can nesa ya tsaya shiru yadda ya saba. Na durƙusa a cikin taɓon na buga bututu.